Albasa Mai Jan Zare

Nasiru, Salamatu, da kai Auta, wannan babin ku zauna ku karanta shi tare, kada wani ya ɗauke shi ya shige ɗaki shi kaɗai. Na rubuta muku labarin lakwal, wato makarantar boko, na rubuta na aurena da uwarku, duk ba su ba ni wahala ba. Wannan kuwa sau uku ina farawa ina yagewa. Kun san takardar yabon nan mai gilashi da ke rataye a falo, wadda tun kuna yara kuke nuna wa abokanku kuna cewa babanmu ne ya gyara wa kamfani albasa. Labarinta zan ba ku, kuma ba za ku ji daɗinsa ba.

Sai na fara da Kawu Ɗanjimma, ƙanen mahaifiyata na Badaguishiri. Ku kun san shi tsoho marar magana, mai aiko mana buhun albasa duk shekara. Ni na san shi kafin ya yi shiru. Mutum ne mai murya, mai barkwanci, in ya zauna bakin kasuwa sai ka ga an kewaye shi. Da mahaifina ya rasu shi ya ɗauke ni, shi ya kai ni lakwal alhali ƴaƴansa na cikinsa suna garka, wato lambu, suna ban ruwa. In na dawo hutu sai ya ce wa mutane, ku ba mushe wuri ya zauna, hannunsa na alƙalami ne. Mushe shi ne malamin lakwal. Yana tsokanata ne, amma kowa ya san alfahari yake yi. Manoman albasa na garin shi suka sa a gaba, ba don ya fi su dukiya ba, sai don ba a taɓa kama shi da ƙarya a kan buhu ba. In ya ce abin da ke ƙasan buhu irin na sama ne, dillali ba ya ma kwancewa.

Ni kuwa a shekarar da nake ba ku labari ina aiki da wani babban kamfani mai sayen albasa da wake yana kaiwa ƙasashen bakin teku. Uwar buro, wato babban ofis, tana Yamai, mu kuma muna da mangaza a nan Ƙonni inda ake tara kaya kafin kamyo, babbar motar kaya, ya ɗauka. Babbar matsalarmu ita ce ruɓa. A loda albasa lafiya lau, a yi kwanaki a hanya, a buɗe a can a tarar da wari. Sai aka kawo mana sabon direkta, yaro ne a kaina amma mai kai, ya tara mu ya koya mana wata hanyar aiki. Ya ce a bi buhu ɗaya tun daga garka har inda za a sauke shi, a rubuta duk wurin da ya tsaya da duk hannun da ya taɓa shi, abin da ba ya ƙara wa kaya komai a cire shi. Ya ce kowane buhu a yi masa alama don a san garin da ya fito. Abu na uku shi ya fi nanatawa: in matsala ta faru kada a nemi wanda za a zaga, a yi ta tambayar me ya sa, me ya sa, har sau biyar, sai an kai gindin abin. Ni aka ba wannan aikin. Wallahi kaina ya kumbura. Na sayi sabon kaye, wato littafin rubutu, na riƙa yawo da shi a hammata har masallaci, uwarku tana ce mini shef ɗin albasa, wato ogan albasa.

Kada ku ɗauka hanyar ce ba ta da kyau. Tana da kyau. Alamar ma ni na ƙirƙiro ta, kuma ta yi aiki: bakin buhun Dogarawa a ɗinke shi da baƙin zare, na Alela da kore, na Badaguishiri da ja. Wanda bai iya karatu ba ma yana gani ya gane. Inda na ɓata shi ne wurin lissafin kwanakin jira. Da na bi buhu, sai na ga wurin da albasa ta fi daɗewa ba hanya ba ce, ba mangaza ba ce, garka ce. Manoma suna cire ta su shimfiɗa a ƙasa, su rufe ta da lawashinta, wato ganyenta, su bar ta kwana goma ko fiye, ba mai taɓa ta. A kayena na rubuta: kwana goma, ba a yin komai. Na ja layi biyu a ƙarƙashi. Na ga in an cire waɗannan kwanakin kamyonmu zai riga na kowa isa bakin teku. Na kafa doka cewa daga ranar cira zuwa ranar loda kwana biyu ne, ba ƙari. Ni da na tashi a gidan manomin albasa, ban tsaya na tambayi kaina me ya sa suke barinta ba. Ina ganin ai lalaci ne na mutanen ƙauye.

Na tafi Badaguishiri da kaina na kai dokar. Na tarar da Kawu a garkarsa, can ƙarshen fadama, ranar da yake ɗauke ruwa, don ana daina shayar da albasa tun sauran mako biyu ko fiye a cire ta. Ni da shi muka kama injin ban ruwan muka ɗora a amalanke, har baƙin mai ya ɓata mini wando. Sannan muka zauna na yi masa bayani. Ya saurara har na gama, ya tsinko albasa guda ya matsa wuyanta da yatsa.

"Abdu, ka ga wuyan ga? In bai bushe ba ta nan ruɓa ke shiga. Kwanakin da ka ce ba a yin komai, ita albasar aiki take yi."

"Kawu, wannan na da ne. Yanzu an auna komai. Kamyonmu ba ya kwana a hanya kamar na dillalai."

"An auna?"

"An auna, Kawu."

Ba a auna komai ba. Ni ne kawai da kayena. Ya daɗe yana kallona, sannan ya yi dariya ya ce to, tun da mushe ya ce an auna, shi ke nan. Da yamma ya tara manoma a gaban masallaci. Da yawa sun ƙi, wani dattijo har ya tashi zai tafi. Kawu ya ce musu yaron nan ni na rene shi, ba zai kai ni ga ruwa ya baro ni ba, in abu ya ɓaci ku kama ni. A kan wannan maganar suka yarda, suka sallami dillalan da suka saba da su shekara da shekaru, suka ba kamfani albasarsu.

Mutanen Dogarawa da na Alela su ma na kai musu dokar. Suka ce to, shef, madalla, yadda ka ce haka za a yi. Ashe sun yi abin da suka saba ne. Suka cire albasarsu tun da wuri ba su faɗa ba, ta sha iskarta ta bushe, in kamyo ya zo su ce shekaranjiya muka cire. Badaguishiri kaɗai suka bi dokata tsakani da Allah, don Kawu ba ya ƙarya. Wanda ya fara ganewa shi ne Illo, mai tsaron mangazarmu, tsohon da ya fi shekara ashirin yana jin warin albasa. Ya kira ni gefe ya ɗauko guda daga buhun baƙin zare, guda daga na ja. Ta Dogarawa wuyanta ya bushe ƙayau, ɓawonta na ƙara. Ta Badaguishiri wuyanta ɗanye sharaf.

"Shef, wagga ta sha iska, wagga ba ta sha ba. A shanya jajayen ga ko mako guda kahin a loda."

Na ce masa aikinsa makulli ne, ba shawara ba. Har yau ina jin muryata lokacin da na faɗi haka, a gaban masu dako. Aka loda.

Ba a yi kwana goma ba waya ta zo daga bakin teku. An buɗe kamyo, buhunan jan zare suna zubar da ruwa, sun shafi na kusa da su, mai saye ya ƙi kayan. Direkta ya taso daga Yamai ya kira reniyo, wato taro, a buro. Muna zaune mu bakwai ko takwas, Illo yana can bakin ƙofa a kan benci. Direkta ya tsaya gaban allo, bai ɗaga murya ba, ya ce ba wanda za a zaga, tambaya kawai za mu yi.

"Me ya sa kaya suka ruɓe?"

Na ce damshi ne a wuyan albasar. Ya rubuta.

"Me ya sa wasu buhunan suka yi damshi, wasu ba su yi ba?"

Na ce na jan zare ne kawai, na Badaguishiri. Ya rubuta, har ya yaba mini da dabarar zaren.

"To me ya sa ta Badaguishiri ke da damshi?"

Ƴaƴana, amsar tana bakina. Kalma kaɗan ce: don sun bi dokata. Na duba fuskokin da ke wurin, na tuna yadda na riƙa yawo da kaye ina koya wa mutane aiki, na tuna ana maganar za a ƙara mini girma. Ba korata za a yi ba, wannan ku sani, direktan ba irin wannan mutum ba ne. Kunyar a ce na yi kuskure kawai na ji. Sai na ji bakina yana cewa, akwai manoman da ke shayar da albasa gab da cira don ta yi nauyi a sikeli. Wannan gaskiya ne, ana yi, shi ya sa ƙaryar ta zauna daram. Direkta ya tambaya ko na tabbata. Na ce na tabbata. Ya ce daga garkar wa aka fi samu. Da yake ta Kawu ta fi yawa a cikin kayan, na ce daga ta shugabansu. Ban kalli bakin ƙofa ba, amma na ji ƙarar benci lokacin da Illo ya tashi ya fita. Tambaya ta huɗu da ta biyar ba a yi su ba. Direkta ya ajiye allin ya ce kuskure ana gyara shi, amma ha'inci ba a zama da shi, a cire Badaguishiri daga masu kawo mana kaya. Ni na rubuta takardar, kuma ban iya kai ta ba, direban kamyo na ba.

Kuna iya cewa ai manoma sun san albasa, za su gane kwana biyun ne ya jawo. Sun yi wannan tunanin. Amma sai suka ce ai Dogarawa da Alela ma kwana biyu aka ba su, tasu ba ta ruɓe ba, ashe ke nan wani ne a cikinmu ya shayar, ga shi kuwa takarda ta faɗi ko wane ne. Garkar Kawu tana can ƙarshe inda ba kowa ke zuwa ba. Aka ce ya ari wani inji. Aka ce dama shi da ɗan yayarsa sun haɗa baki. Sauran albasar da ke hannunsu suka kai wurin dillalan da suka sallama, su kuwa suka yi musu yadda suka ga dama. A wannan shekarar akwai gidajen da suka sayar da bisashensu kafin damina. Aka tuɓe Kawu daga shugabanci a gaban masallacin da ya tsaya ya ce a kama shi.

Bayan mako biyu ya zo Ƙonni. Bai je buro ba, gida ya zo, da hantsi, ranar da ba aiki. Uwarku ta shimfiɗa masa tabarma a zaure ta kawo fura. Na fito na durƙusa na gaishe shi, na kasa ɗaga kai. Ya tambayi lafiyarku ɗaya bayan ɗaya, har ya ɗauki Salamatu ya ɗora a cinya. Sannan ya ciro takardar daga aljihu, ta yi laushi don ninkewa.

"An karanta mini wagga. An ce na shayar. Kai ka rubuta?"

"Kamfani ne, Kawu."

"Ranar da na ɗauke ruwa, wa ya kama mini inji?"

Na ƙura wa tabarma ido.

"Wandonka ya hita da wanki?"

Na ce ya fita. Ya gyaɗa kai kamar abin da ya zo ji ke nan. Ya ce in ya buɗe baki a gari ya faɗi yadda aka yi, maganar za ta kai Yamai, shi kuwa bai kai ni lakwal don ya dawo ya fasa mini tukunyar tuwo ba. Ya ce shi ya gama nasa, ni ke da ƙananan yara. Bai zage ni ba, bai yi mini baki ba. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Ya shanye furarsa, ya sa albarka, ya tafi tasha. Ko rakiya ban iya yi masa ba, ina nan durƙushe.

Ashe uwarku tana bayan ƙofa ta ji komai. Ba ta taɓa ɗaga mini murya ba sai ranar.

"Maigida, tashi ka bi shi. Ka je ka faɗi a gaban mutane. In aikin ne a kore ka, mu sha kunu."

Na ce mata ba ta san aikin buro ba, in ƙura ta lafa zan gyara. Ta ce ita dai ta san mutum. Ta ɗauki ƙwaryar furar ta shige. Tun daga ranar ba ta sake ce mini shef ɗin albasa ba har yau.

Ga inda abin ya fi muni. Da shekara ta zagayo na san in na bar dokar kwana biyu tana aiki wata rana wasu ma za su bi ta. Sai na rubuta sabon tsari, na ce bincikena ya nuna albasa tana bukatar kwana goma a garka, a rufe da lawashi, kuma a matsa wuyanta da yatsa kafin a karɓa. Kalma da kalma abin da Kawu ya faɗa mini a bakin rijiyarsa. Ruɓa ta ragu ƙwarai, aka kira ni Yamai, aka tafa mini, aka ba ni takardar nan ta falo. Uwarku ta ƙi rataye ta, ni na buga ƙusa da hannuna. A lokacin ina iya cewa a maido da Badaguishiri, amma in na faɗa za a tambaye ni me ya sa. Ban faɗa ba. Illo ya ci gaba da gaishe ni kullum da safe har ya bar aiki, gaisuwa cikakkiya, bai taɓa tayar da maganar ba.

Kawu kuwa ya daina zama bakin kasuwa. Daga garka sai masallaci, a sahun baya. Kuma duk shekara in an cire albasa sai buhu ya iso gidan nan, busasshiya, ƙasan irin saman, bakin a ɗinke da jan zare. Kun ci ta a miya shekara da shekaru. Nasiru, kai ka taɓa tambayata me ya sa Kawu ke son jan zare, na ce maka shi ya samu a kasuwa. Har yanzu ban sani ba ko tuni yake yi mini, ko kuwa dokar da na ba shi ce bai ga dalilin karyawa ba. Da sanin da na yi masa, na biyun ne. Kun kuma sha tambayata me ya sa ba ma zuwa Badaguishiri da salla sai dai in aika. Ba aiki ne ya hana ni ba.

Da ya rasu na je gaisuwa, dole. Ina zaune a rumfa cikin dattawa, wani tsoho da ke kusa da ni, cikin waɗanda suka sayar da bisashe a waccan shekarar, ya shafa addu'a ya juyo gare ni. Ba da mugunta ya yi maganar ba, ta'aziyya yake yi mini.

"Allah shi jiƙan Ɗanjimma. Mutumin kirki ne, in ban da abin albasar nan da ya yi muna. Amma mun yahe mishi."

Gawarsa ko kwana ɗaya ba ta yi a ƙasa ba. Ga mutane cike da rumfa, ga ƴaƴansa suna ji, sun sunkuyar da kai. Aikin da nake tsoron rasawa na riga na bar shi, ba abin da ya rage a ƙwace mini. Na buɗe baki na ce amin. Shi ke nan abin da na ce.

Shekara uku ke nan, kuma wannan amin ɗin ya fi abin da na faɗa a reniyo damuna. Yanzu ƙafafuna sun ƙi, likita ya hana ni doguwar tafiya, amma Badaguishiri ba nisa. Nasiru, ranar kasuwarsu mai zuwa ka zo da mota da wuri. Salamatu, ki sauke takardar nan daga bango ki cire ta daga gilashin, da ita za mu tafi, ta babban ɗan Kawu ce. Auta, kai za ka riƙe ni a gaban masallacin, kuma in ka ga na fara kame-kame ina cewa kamfani ne, ka karɓi wannan takardar da nake rubutawa ka karanta musu da ƙarfi daga nan: Ɗanjimma bai shayar da albasarsa ba. Ni na kama masa injin muka ɗora a amalanke. Albasarku ta ruɓe ne don kun bi maganata, kuma na sani tun ranar.